Ɗaya da Safe, Ɗaya da Rana, Ɗaya da Dare

Karo na uku ke nan Amatullahi tana rage rigar aurenta.

Ta shimfiɗa leshin a kan teburin yanka, ta sa reza tana farke ɗinkin da ita da kanta ta yi sati uku da suka wuce. Awarwaron da Ashraf, wanda za ta aura, ya saya mata lokacin sa rana, wanda sai da aka shafa sabulu kafin ya shige, yanzu in ta ɗaga hannu sai ya zame har gwiwar hannunta.

Shagon nasu yana bakin titi a unguwar Daɗin Kowa, cikin garin Jos. Ita da ƙawarta Chundung suka buɗe shi, keken ɗinki biyu, teburi ɗaya, sai wata tsohuwar rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Wanda ya san Amatullahi bara ya san mace mai cika ido, wadda in ta yi dariya kumatunta ke rufe mata idanu. Har tsokanarta ake yi a unguwa wai ita ce telar da yadi shida ba ya isarta. Yau saura sati biyar ɗaurin aurenta, amma rigar jikinta kamar an rataye ta a ƙusa.

Chundung ta turo mata kwanon gwate mai zafi.

"Amatu, abeg ki ci ko cokali biyar. Mama ne ya dafa, ya ce in kin dawo da abincin nan shi da ke ne."

"Wallahi ba na iyawa, Chundung. Bakina a bushe yake. Da na ji ƙamshin ma sai zuciyata ta fara tashi."

"To wane irin amarya ne wannan? Kowa na neman ƙiba saboda biki, ke kina ƙarewa."

Kafin ta ba da amsa aka yi sallama. Maman Biyu ce, wata tsohuwar kwastomarsu. Ko zama ba ta yi ba ta ce a ba ta atamfofinta guda uku.

"Ai ban kai ga yanka su ba, Mama," in ji Amatullahi. "Jibi muka yi da ke."

"Ba komai, ba ni su a haka."

Amatullahi ta ɗauko ta miƙa mata. Maimakon ta karɓa, sai matar ta buɗe bakin leda ta tara daga nesa, don kada hannu ya taɓa hannu.

Chundung ta miƙe ta tare ƙofa.

"Madam, ke ne na huɗu a satin nan. Yau kam ba za ki fita ba sai kin gaya mana mene ne."

Maman Biyu ta kalli ƙasa, ta kalli titi, sannan ta rage murya.

"Ni dai ba a bakina aka ji ba. Ranar Asabar a Islamiyya, Hajiya Suwaiba ta tashi ta ce a taya ta da addu'a, wai yarinyar da ɗanta zai aura cutar zamani ke cinta. To ku kuma aikinku da allura ne. In ta soki yatsa jinin ya taɓa kaya fa? Ni ina da yara."

Hajiya Suwaiba ita ce mahaifiyar Ashraf. Ku ji min gulma da aka sa wa hijabi: wai a taya ta da addu'a! A wancan lokacin kuwa, a garin Jos, in aka liƙa wa budurwa ƙanjamau an gama da ita, don ba cuta kaɗai aka ɗora mata ba, har da sharrin yadda ta same ta.

Rezar ta suɓuce daga hannun Amatullahi ta faɗi ƙasa.

* * *

Wata huɗu da suka wuce ne abin ya samo asali. Lokacin aikin Sallah wuyanta ya riƙe saboda sunkuyo a kan keke, ko waiwaye ba ta iyawa sai ta juya da jikinta gaba ɗaya. Ashraf kuwa a kemis ɗin kawunsa Alhaji Sharafaddeen yake aiki, can wajen Terminus, shekara shida ke nan yana koyo a hannunsa. Da ya zo zance ya gan ta a haka, washegari sai ga shi da ƙwayoyi farare.

Kun dai san al'adar 'yan kemis. Ba sa ba ka magani da kwalinsa. A ɓare shi a zuba a 'yar farar ambulan, a ja layi uku a baya, shi ke nan: ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare. Babu sunan maganin, babu bayaninsa. Sai dai ambulan ɗin Ashraf ta bambanta, don a ƙasan layukan nan uku kullum sai ya ƙara da 'yan kalmomi. "Allah ya ƙara sauƙi, amaryata." Wani satin, "Ki sha don ni." Ashraf ba mai iya rubuta wasiƙa ba ne, saboda haka waɗannan su ne wasiƙun soyayyarta. Duk wadda ta ƙare sai ta goge ta da hannu ta adana a wani gwangwanin alawa a ƙasan akwatinta.

Abu ɗaya ya roƙe ta. "Kar ki nuna wa kowa. Na musamman ne, Kawu ba ya so a riƙa fitar da shi."

Wuya ya saki cikin kwana huɗu. Amma ta ji daɗin barcin da yake sa ta, kuma duk Juma'a sabuwar ambulan na zuwa da sabuwar kalma. Wace budurwa ce za ta ce a daina?

Sai abinci ya fita ranta. Jiri ya biyo baya, ga kasala, har ta kan yi gyangyaɗi a kan keke da rana tsaka. Aka yi maganin shawara, aka yi na taifot, mahaifinta Malam Haladu ya yi mata rubutu ta sha. Babu wanda ya tuhumi 'yar farar ambulan, don babu wanda ya san da ita.

* * *

Kwana uku bayan zuwan Maman Biyu, Ashraf ya zo zance bayan la'asar. Ya zauna can ƙarshen benci a zaure yana juya makullin babur ɗinsa. Amatullahi ta fito da takarda a hannu.

"Yaya Ashraf, ga shi. Da ƙafata na je na yi gwaji, ban jira kowa ya ce in je ba. Ba ni da shi."

Ya karɓa ya duba sama-sama, ya ninke.

"Na sani, Amatu. Ni ai na san ba ki da shi."

"To ka kai wa Hajiya."

"Na riga na gaya mata za ki yi. Cewa ta yi takarda ai saye ake yi a garin nan."

"Kai kuma me ka ce?"

Ya ci gaba da juya makullin babur ɗinsa.

"Tambayarka nake. Mahaifiyarka ta tsaya gaban mata sama da arba'in ta ce ni 'yar iska ce mai ɗauke da cuta. Kai da ka san ni tun ina aji uku a sakandare, kai da ko hannuna ba ka taɓa riƙewa ba, me ka ce mata?"

"Uwa ce fa, Amatu. Yaya kike so in yi da ita?"

Hawayen da take riƙewa suka ɓalle.

"Ka san Baba ya daina zaman majalisa? Shekara talatin yana zama a gindin bishiyar nan da abokansa, yanzu daga masallaci sai gida. Jiya na tarar an ware min kofi a gidan kawuna. Kofi, Yaya Ashraf! Ni ba na tsoron mutuwa, sunana nake ji. Ka taimake ni ka gano abin da ke cina, kai ne ka san magani."

Ashraf ya kawar da kai yana kallon bango. Can ya sa hannu a aljihu ya fito da farar ambulan ya ajiye a kan benci tsakaninsu.

"Ki rage sha. Ki mayar da shi biyu a rana."

"Me ya sa?"

"Haka kawai. Kuma ranar Lahadi ta sama su Kawu za su zo wajen Baba, wai a ɗan ɗaga ranar."

Ya tashi ya fita. Ta ɗauki ambulan ɗin ta juya bayanta tana neman kalmar satin nan. Layuka uku ne kawai, babu ko harafi ɗaya.

* * *

Allah ba ya barin bawa haka. Ranar Talata Sista Fibi, yayar Chundung, ta biyo shago karɓar rigar zumuntar matan coci. Nas ce, shekara goma sha biyar tana aikin asibiti, irin matan nan da ke kallon mutum sau ɗaya su karanta shi. Tana zaune tana jiran a sa mata maɓalli ta ga Amatullahi ta juya baya ta jefa wani abu a baki.

"Me kika sha yanzu?"

"Ba komai, Sista. Na ciwon wuya ne."

"Kawo in gani."

Amatullahi ta yi jim tana tuna alkawarin da ta yi wa Ashraf. Chundung ba ta jira ba, ta fisge ambulan ɗin ta miƙa. Sista Fibi ta zazzage ƙwayar a tafin hannu, ta matsa bakin ƙofa wajen haske tana duba tambarin jikinta. Fuskarta ta sauya.

"Tun yaushe kike shan wannan?"

"Tun kafin Sallah. Wata huɗu ke nan."

"Wata huɗu! Yarinya, wannan maganin sassauta tsoka ne. Na 'yan kwanaki ne, kuma sai likita ya rubuta. Yana sa barci, yana busar da baki, wasu yana hana su cin abinci har su rame. Wane likita ya ba ki?"

Chundung ta dafe kai, don ita ta san mai kawo ambulan duk Juma'a.

"Ni ban ce lallai shi ne ba," in ji Sista Fibi, "sai an bincika. Kuma kar ki yanke shi lokaci ɗaya, da haɗari. Gobe ƙarfe takwas ki same ni a asibiti."

Kwana biyu ana ɗibar jininta, aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka duba suga. Likitan, wani dattijo mai furfura a gira, ya gama duba takardu ya ce bai ga tarin fuka ba, bai ga suga ba, bai ga abin da mutane ke faɗa ba. Ya ce abin da ya fi zargi shi ne ƙwayar nan, ya tsara mata yadda za ta riƙa ragewa a hankali, ya rubuta komai a takarda ya buga hatimi.

Amatullahi ta fito daga asibitin tana kuka tana dariya. A ranta cewa take, ashe kuskure ne, Yaya Ashraf bai sani ba, in ya ji zai fi kowa murna. Ko gida ba ta biya ba, ta tari ɗan acaɓa ta ce Terminus.

Wayyo Amatullahi, da kin sani da kin fara zuwa gida kin huta.

* * *

Ta same shi shi kaɗai a bayan kanta, rana tsaka, Alhaji ya tafi masallaci.

"Yaya Ashraf, an gano! Maganin nan ne, wanda kake kawo min. Likita ya ce..."

Ta tsaya. Ta zaci zai zabura, ko ya yi salati, ko ya karɓi takardar. Ashraf bai yi ko ɗaya ba. Leƙa waje ya yi ya ga ko akwai mai jin su, sannan ya zagayo ya tura ƙofar.

"Wa kika gaya wa ni na ba ki?"



"Ka sani," ta ce a hankali. "Wallahi ka sani."

"Amatu, saurare ni."

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Wata biyu. Da na ga kina ramewa na buɗe kwalin na karanta 'yar takardar ciki."

"Wata biyu ka sani, kuma duk Juma'a kana kawo min?"

"An rubuta kar a tsayar lokaci ɗaya sai an ga likita. In na kai ki wajen likita zai tambayi wanda ya ba ki. Ba mu da izinin ba da shi haka, Amatu. In hukuma ta ji, rufe shagon nan za a yi. Na so in riƙa rage miki a hankali ba tare da kowa ya sani ba."

"Kana zaune Hajiya ta ce ƙanjamau ne. Kana da amsar a bakinka."

"Nan da wata uku Kawu zai yaye ni, zai buɗe min nawa kemis ɗin a Tudun Wada. Shekara shida ina wanke masa shago, ina ɗaukar masa kwali. In ya ji ni na jawo masa wannan, ko allura ba zai ba ni ba. Don mu nake yi, Amatu. Da me zan riƙe ki in babu shagon?"

Ta yi wata dariya da ta fi kuka ciwo.

"Don mu? Ka dube ni da kyau. Ka ga abin da ya rage na 'mu' ɗin?"

"Ki yi haƙuri wata uku kawai. Za ki murmure, maganar za ta mutu da kanta."

"Maganar ƙanjamau ce ke mutuwa da kanta? Ko na koma kamar buhun dankali cewa za a yi maganin cutar nake sha. Kuma ka gaya min gaskiya, ɗaga rana za su zo yi ranar Lahadi ko fasawa?"

Ya juya yana gyara kwalayen magani a kan kanta.

"An ce min an ga Hajiya a kasuwa da Mariya, 'yar Kawunka, suna zaɓen leshi. Ƙarya ne?"

"Su ke ta maganarsu, ni ban amsa ba. Ke nake so, Allah ya sani."

Ya durƙusa a gabanta a kan simintin shagon, hawaye shaɓe-shaɓe. Abin haushi, har a lokacin zuciyarta sai da ta karye. So ba ya fita daga jiki rana ɗaya, shi ma sai a hankali.

"Abu ɗaya nake roƙonka," ta ce tana share ido da gefen hijabi. "Ranar Lahadi ka biyo su. Ka faɗa da bakinka a gaban Baba da Hajiya. In ka yi haka na yafe maka duniya da lahira, kuma ko a ɗaki ɗaya ne zan zauna da kai, kekena zai ciyar da mu."

Ya ɗago ya dube ta.

"Na yi miki alkawari."

* * *

Ranar Lahadi da hantsi aka yi ruwa mai ƙanƙara, garin ya ɗauki sanyi. Malam Haladu ya ce ba za a yi maganar 'yarsa a raba maza da mata ba, kowa ya shigo falo. Alhaji Sharafaddeen ya zauna a babbar kujera, shi ne waliyyin Ashraf tun rasuwar mahaifinsa. Hajiya Suwaiba ta zauna a gefe ta tattare mayafinta kamar kujerar za ta shafa mata wani abu. An kawo ruwa ba ta taɓa ba. Ashraf yana ƙasa a bakin ƙofa.

Alhaji ya yi gyaran murya ya fara zagaye-zagaye, aure nufin Allah ne, lafiya uwar jiki, kowa ya bar wa Allah zaɓi. Malam Haladu ya bar shi ya gama, sannan ya miƙa masa takardar likita.

"'Yata ta gaya min komai jiya. Likita ya ce wani magani ne ya rame ta. Ta ce kuma akwai mai bayani a cikinku."

Duk aka juya ga Ashraf. Amatullahi tana zaune a bayan mahaifinta, ta ɗago ido ta dube shi. Ba ta taɓa roƙon mutum da ido irin na ranar ba.

Alhaji ya karanta sunan maganin a takardar, ya ɗaure fuska. "Ashraf, ka san wani abu a kan wannan?"

Ashraf ya kalli kawunsa, ya kalli mahaifiyarsa.

"Ni dai... sau ɗaya ta taɓa cewa wuyanta na ciwo, na ba ta man shafawa. Wannan ban san inda ta samo shi ba, Kawu. Ƙila a wajen masu tallar magani a tasha ne."

"Kun ji ko!" Hajiya Suwaiba ta tafa hannu. "Ba ta samu mijin ba, za ta ɓata min yaro. Ashe har ƙwaya take sha! Malam, a fito mana da kayanmu, mu ba mu zo rigima ba."

Amatullahi ba ta yi kuka ba. Kukan ya ƙare a Terminus. Ta tashi a hankali tana dafa bango ta shiga ɗaki, ta fito rungume da gwangwanin alawa. Ta durƙusa a tsakiyar falon, ta buɗe, ta kife shi a kan darduma.

Ambulan goma sha bakwai, a goge sumul kamar an bi su da dutsen guga.

Ta ɗauki ɗaya ta miƙa wa Hajiya da hannu biyu.

"Hajiya, ke kika haife shi, ke kika kai shi makaranta. Rubutun wa ne wannan?"

Hajiya ta karɓa da yatsa biyu. Leɓɓanta suka motsa tana karantawa: Allah ya ƙara sauƙi, amaryata. Ta ɗauki ta biyu da kanta. Ta ɗauki ta uku.

Alhaji Sharafaddeen kuwa ba rubutun ya tsaya dubawa ba. Ya ga ɗan shuɗin hatimin da ke kusurwar kowace ambulan, mai ɗauke da sunan shagonsa. Duk da sanyin garin sai ga gumi a goshinsa. Ya cire hula ya mayar, nan da nan murya ta yi laushi.

"Malam Haladu, ai abin bai kai nan ba. Mu duka gida ɗaya ne, kakanninmu tare suka zo garin nan aikin kuza. Yaro ya yi kuskure. A rufa wa juna asiri. Rana tana nan yadda aka sa, ba a ɗaga ko kwana ɗaya ba, lefe ma zan ƙara akwati biyu. Waɗannan takardun a ba ni in ƙone, magana ta wuce."

Kun ji fa. Auren da aka zo fasawa da safe, kafin azahar ya zama murfin tukunya.

Malam Haladu ya juya ga 'yarsa. "Amatullahi, da ke ake."

Ta fara tattara ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa cikin gwangwani. Har wadda ke hannun Hajiya ta karɓe cikin ladabi.

"Baba, ka ba su kayansu. Ko allura kar a bari."

"Yarinya, ki yi tunani," in ji Alhaji.

"Na yi, Alhaji. Ba akwati nake so ba, sunana nake so a dawo min da shi. Ranar Asabar akwai Islamiyya. A inda Hajiya ta tsaya ta nemi a taya ta da addu'a, a nan za ta tsaya ta faɗi abin da ya rame ni da wanda ya ba ni. In an yi haka, gwangwanin nan zai koma ƙasan akwatina. In ba a yi ba, likitan da ya duba ni ya ce yana son ganin inda maganin ya fito."

Hajiya Suwaiba ta buɗe baki, ta kalli ɗan'uwanta, ta ga ya kawar da kai. Ta rufe bakinta.

Sai a lokacin Ashraf ya rarrafo gabanta.

"Amatu, don girman Allah. Tsoro ne ya kama ni. Kin manta duk abin da ke tsakaninmu? Kin manta irin son da nake miki?"

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta zaro ambulan ɗaya daga gwangwanin, ta juya bayanta ta nuna masa layukan nan uku.

"Ban manta ba, Yaya Ashraf. Yadda ka rubuta haka na bi, ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare. Wata huɗu ban tsallake ko sau ɗaya ba, saboda hannunka ne ya ba ni."

Ta miƙe hannunta ƙasa. Awarwaron sa rana ya zame daga tsintsiyar hannun da kansa, ba sabulu, ba ja, ya faɗi a kan darduma a gabansa.

"Baba, a haɗa da wannan a cikin kayan."